Tabawa da Hasumiyar da Ba Ta Karkata

Ran wata Talata da hantsi mutanen Gamji-Biyu suka gane an sace musu hanyoyi. Duk wanda ya fita ta ƙofar gabas sai ya yi ta tafiya har gumi ya keto masa, yana ɗaga kai sai ya ga ta ƙofar yamma yake shigowa. Mata suka ɗauki tuluna za su rafi, suka tsinci kansu a bakin randunansu da tulu a bushe. Wani mai jaki ya kora jakinsa zuwa kasuwa, sau uku jakin yana dire shi a ƙofar gidansa, har ya zauna a ƙasa ya riƙe kai.

Kowa ya san inda abin ya samo asali. Kwana uku kafin haka wani dogon baƙo mai jan rawani ya sauka a gindin gamji, ya shimfiɗa wani allo mai gidaje sittin da huɗu, baƙi da fari, ya jera 'ya'yan wasa a kai. Ya ce darar sarakuna ce, a ƙasashen gabas shataranji ake ce mata. Mai gari Anaruwa kuwa mutum ne da ba ya son a ce akwai abin da ya gagare shi. Aka nuna masa sau ɗaya, ya ce ya iya. Baƙon ya ce to kowane ɗan wasa ya tsaya a madadin hanya guda ta garin, mai gari ya ce ya yarda. Aka ci hanyar kasuwa, aka ci ta rafi, aka ci ta gonaki, har 'yar siririyar hanyar da awaki ke bi. Da hanyoyi suka ƙare mai gari ya sa kansa a madadinsu. Nan take guguwa ta taso ta naɗe shi da baƙon da allon, ta yi sama da su.

Maza uku suka yi ɗamara suka bi sawu, ɗaya bayan ɗaya: Cindo maharbi, da Nomau ɗan kokawa, da Wada mahauci. Babu wanda ya dawo, babu wanda aka ji ɗuriyarsa.

A garin akwai wata masaƙiya, Tabawa, gajeriyar mace mai shekara hamsin da 'yan kai, wadda ba a taɓa jin ta haɗiye magana ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Yarta guda ce, Lantana, tana aure a Rafin Kuka, ga cikin fari ya shiga watansa. A makon nan ne Tabawa ta shirya zuwa ta ɗauko ta ta haihu a gida. Sau tara ta fita da ƙunshinta a ka, sau tara hanya tana maido ta bakin masaƙarta. Dattawa suka ce ta yi haƙuri, a dage da addu'a. Ta ce musu addu'a kam ba ta fasa ba, amma a tafe za ta yi tata, don naƙuda ba ta jiran dattawa su gama shawara.

Da gari ya waye ta ɗauko babban ƙullin zarenta, ta ɗaura bakinsa a jikin gamji, ta juya wa hanya baya. Ta sa gabas a gaba tana warware zaren, tana waiwaye don ta tabbata ya miƙe sambal. Ta keta danga, ta keta gonar dawa, ta shiga sarƙaƙƙiya ƙaya ta yage mata zane. Hanyar garin ta yi ta lanƙwasowa kusa da ƙafarta, lumui, sai ka ce tana roƙonta ta taka. Tabawa ta yi tsaki ta wuce. Daidai inda zaren ya ƙare ta ƙara taki ɗaya, sai ƙasa ta sake kama.

Wani fili ta gani wanda ido bai ga ƙarshensa, an yanka shi gida-gida, baƙi na bin fari, kowane gida faɗin tsakar gidan mai wadata. Rana ta tsaya cak a tsakiyar sama, ba abin da ke da inuwa. A gefenta ga wata farar hasumiya, tsawonta ya kai na giginya biyu, samanta da zanko huɗu, jikinta duk tsagu irin na tsohon gini. Sai hasumiyar ta yi magana, muryarta kamar ana jan dutsen niƙa.

"Sannu da zuwa, 'yar Adam. Ni ce abin da ya rage wa mai garinku a cikin mayaƙansa. Wasan bai ƙare ba, an dai dakatar da shi ne. Dokar ƙasar nan ta ba ni izinin taryen duk wanda ya zo ƙarasa shi. Uku na tarya, uku suka halaka. Koma gida tun ƙafafunki na nama."

"Gidan da ba shi da hanya ai kurkuku ne," in ji Tabawa. "Ke dai nuna mini inda ɓarawon yake."

Hasumiya ta gaya mata sunan ɓarawon Karkatau, sarkin aljanun ƙasar, kuma tsakaninsu da fadarsa akwai filaye uku. Ta ce ba za ta ɗauke ta ba, domin wanda bai iya tafiyarta da ƙafarsa ba, ba zai iya tafiyar da ita a kan allo ba. Tafiyar tata kuwa huɗu ce rak: gaba, baya, dama, hagu. Ba ta bi ta kusurwa, ba ta karkata ko da faɗin tafin hannu.

Ƙofar fita daga filin farko tana can nesa a karkace, kuma hanya mafi kusa ita ce a yanke ta kusurwoyin gidaje. Tabawa ta hangi wani dutse mai siffar mutum, da kwari da baka a kafaɗa, ƙafarsa ɗaya a kan mahaɗar kusurwa. Ta gane Cindo ne. Ta ciro ɓarin goro daga bakin zanenta ta jefa shi a karkace, kafin ya sauka ya zama tsakuwa, ya faɗi ƙwal. Ta gyaɗa kai, ta ce wannan ai dokar masaƙa ce: zare ko dai ya tsaya ko ya kwanta, wanda ya karkace an ɓata gwado.

Ta taka gida ɗaya ta tsaya tana dube-dube. Sai ta ji zafi a ƙeya. Tana waiwayawa ta ga wuta ta tashi a sahun da ta baro, daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ƙara gida ɗaya ta tsaya, wutar ma ta matso sahu ɗaya. Hasumiya, wadda ke sulalowa a gefenta ba ƙafa ba ƙara, ta ce mata kowace tsayawa taki guda ce, kuma duk takin da ta yi ƙasar ma sai ta yi nata. Ƙananan dakaru ne ke tafiya gida-gida. Ita hasumiya, muddin hanya a buɗe take, daga wannan bango zuwa wancan taki ɗaya ne.

Tabawa ta gyara ɗaurin zane ta miƙe ba tsayawa. Ta wuce gida uku, ta wuce huɗu, sai ta ji kuka daga gidan da ke karkace da ita ta hagu. Muryar Lantana ce sak, muryar mai naƙuda, tana cewa, "Inna, zo ki riƙe ni, Inna, zan mutu."

Tabawa ba ta san sa'ad da ƙafarta ta ɗaga ta nufi kusurwa ba, har ta ji yatsunta sun fara sanyi suna nauyi. Sai wani abu ya faɗo mata a rai. Lantana 'yar fari ce, a hannun kakarta ta tashi, tun da ta buɗe baki Yaya take ce mata, ba ta taɓa kiranta Inna ba ko sau ɗaya. Ta fizgo ƙafarta ta dire a kan layi.

"Wanda zai yi satar murya, ya fara tambayar yadda ake kirana a gidana," ta ce, ba ta ko dubi wajen ba.

Kukan ya rikiɗe ya zama haushin kare, ya ɓace. Ta miƙe har bango, ta tsaya, ta juya dama sosai, ta sake miƙewa. Taki biyu ya kai ta ƙofa, wuta na can baya tana cin iska. Amma yatsunta biyu na ƙafar hagu sun riga sun zama dutse, da su ta ci gaba tana ɗingishi.

Fili na biyu kwari ne, cike da fararen shanu manya-manya, kowane sa ya kwanta ya cika gida guda yana tuƙa. A sama wasu baƙaƙen dawakai ne ke tsalle suna haye shanun, su yi gida biyu gaba su karya ɗaya gefe, kofatansu na fitar da tartsatsi. A tsakiyar kwarin ga Nomau ɗan kokawa rataye a iska bisa gadon bayan wani sa, ƙafafu a wage, layunsa a damtse, ya daskare ya zama dutse. Hasumiya ta ce shanun nata ne, 'yan ɓangarensu ne, ba a taɓa su, ba a kuma haye su. Tsalle na doki ne shi kaɗai. Ita in nata ya tare mata hanya, sai ta tsaya a gidan da ke kafin shi, ta nemi wani layin.

Tabawa ta dubi Nomau ta girgiza kai, ta ce dama an ce tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya. Ta miƙe har ta zo gab da hancin wani sa, ta tsaya. Ƙofar tana bayansa, gida biyu kacal, har tana jin iskar da ke fitowa ta cikinta. Ta yi masa magana da lallami ya tashi, ya ƙi. Ta zage shi tas, shi da mai kiwonsa, ya lumshe ido ya ci gaba da tuƙa. Can wani baƙin doki ya dira kusa da ita, ƙasa ta girgiza, ta san in ta ƙara ɓata lokaci a kanta zai dira. Ta duba hagu, layi a toshe. Ta duba dama, ga layi fes har gida biyar. Ta bi shi, ta juya ta haura, ta sake juyowa. Abin da ɗan kokawa ya so yi da tsalle ɗaya ta yi shi da taki uku, ta fita da ranta.

A bakin fili na uku hasumiya ta ce saura darasin ci. In abokin gaba ya tsaya a kan layinta, ba abin da ya raba su, to ta nufe shi kai tsaye ta tsaya a gidansa, shi kuwa ya fita daga wasa. Ba a wuce shi, a inda aka ci shi nan ake tsayawa. Don haka kafin ta ci, ta duba wa zai iya cin ta a inda za ta tsaya.

Ƙofofi biyu ne a filin, kowace da mai tsaronta. A layin gaba wani baƙin rago ne mai ƙiba, da sarƙar zinariya a wuya, ya sunkuyar da kai kamar mai jiran wuƙa. A layin dama kuwa wata baƙar kura ce, girmanta kamar rumbu, bakinta a buɗe, miyau na zuba yana ƙona ƙasa. Kusa da ragon ga Wada mahauci kwance a bakin fili, dutse, wuƙarsa a hannu. Tabawa ba ta yi gaggawa ba. Ta bi gidan ragon da ido ta kowace fuska, sai can nesa a karkace ta hango wata baƙar giwa tsaye shiru, idonta ƙur a kan gidan. Ta bi gidan kura da ido haka nan, ba ta ga kowa ba.

Ta juya dama. Kura ta yi wani gurnani da ya sa haƙoran Tabawa haɗuwa. Amma ta san in ta tsaya a tsakiya kurar ce za ta yi nata takin. Ta yi bisimilla ta nufe ta, tana ɗingishi, tana kallon cikin bakin nan ja wur mai warin mushe, tana faɗa mata cewa ta ga haƙoran da suka fi nata a bakin mutane. Ta ɗaga ƙafar nan mai yatsun dutse ta dire a tsakiyar gidan. Kura ta narke ta zama hayaƙi, iska ta kwashe.

"Kin iya tafiyata," in ji hasumiya. "Saura abu ɗaya, daga nan bakina zai rufe, domin a fada ɗan wasa ba ya magana. Sarki gida ɗaya yake takawa, ta kowace fuska. In ya kasance a kan layina, ba inda zai kauce, ba mai shiga tsakani, ba mai iya cina, wasa ya ƙare. In naku sarkin aka yi wa haka, ke da garinku kun zama nasa har abada."

Fadar Karkatau ba ta da bango ko ɗaya miƙaƙƙe. Ginshiƙai sun murɗe kamar igiya, ƙofofi sun kwanta a gefe, aljanu dubbai sun yi layi a kan katanga, waɗansu kawunansu a juye, waɗansu ƙafafunsu na duban baya. A tsakiya ga allon, faɗinsa kamar filin idi. Karkatau da kansa yana zaune a sahun ƙarshe, gida ɗaya tsakaninsa da kusurwa, ga jan rawaninsa ya kai rufi. Baƙaƙen dakaru uku sun tsaya a gabansa kafaɗa da kafaɗa, ɗaya daidai shi, ɗaya dama, ɗaya hagu. Baƙin dokinsa guda yana can ɓangaren Tabawa yana tonon ƙasa da kofato.

A nata ɓangaren, hasumiya ta sulale ta koma kusurwarta ta hagu. A gidan da ke gabanta daf, ga mai gari Anaruwa tsaye, an mai da shi ƙaramin dakare, ƙafafunsa sun manne da ƙasa, rawani ya warware. Can dama a sahun farko, inda sarki ya kamata ya tsaya, wata ƙwarya ce rufe da faifai. Tabawa ta ɗaga faifan ta leƙa, sai ga Gamji-Biyu a ciki ɗungurungum, mutane kamar tururuwa suna zagaye randunan da suka bushe. Ta mai da faifan a hankali.

"Ke ce mayaƙin da suka aiko?" in ji Karkatau, muryarsa na fitowa ta kowane lungu. "Gari arba'in na ci a kan allon nan, na kara da malamai da sarakunan yaƙi. Me kika sani a darar sarakuna, tsohuwa?"

"Tafiyar hasumiya."

"Sai me?"

"Ita kaɗai. Yau na koya."

Aljanu suka fashe da dariya har ginshiƙai suka yi rawa. Karkatau ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce ya ji tausayinta: zai buɗe mata hanya guda, ita kaɗai, ta kai ta Rafin Kuka wurin 'yarta kafin la'asar, in ta yarda ta bar masa sauran. Tabawa ta ji maganar har cikin ƙashinta, don abin da ya fito da ita ke nan. Ta dubi ƙwaryar.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "jikan da za a haifa mini yana da dangi a cikin ƙwaryar nan. In na karɓi hanya ɗaya, wa zai zo suna? Ba bara na zo yi ba. Kayanmu na zo karɓa, duka."

Aka buga wani tambari, aka ce taki nata ne. Ta hau matakalar cikin hasumiya har sama, ta tsaya tsakanin zankaye, allon duka ya bayyana a ƙarƙashinta kamar zare a kan masaƙa. Ta duba gaba, mai gari ya toshe layin, ba a haye shi. Ta lura dokin nan shi yake hari, abin da ya hana shi dira kawai shi ne hasumiya na bayan mai gari, in ya ci shi ita ma za ta ci dokin. Ta duba dama, sahun farko a buɗe. Ta bi layukan da suka miƙe zuwa wancan ɓangare ɗaya bayan ɗaya: uku na ƙarshe dakaru sun toshe su, amma na kusa da su fes yake tun daga nan har bangon Karkatau. Sa'an nan ta dubi shi Karkatau ɗin, da dakarun da suka yi masa katanga a gaba, da bangon da ke bayansa. Ta daɗe tana kallo.

Mai gari ya ga inda idonta ya nufa, ya gane za ta matsa. Ya shiga roƙo, ya ce ta dubi girman Allah kada ta gusa daga bayansa, in ta gusa doki zai cinye shi. Da roƙo bai yi ba ya koma umurni, ya tuna mata shi ne mai gari, ubansa ma mai gari ne.

"Mai gari," ta ce, "da ka tsaya a bayanmu, da ba mu zo nan ba."

Ta dafa zanko ta ce dama, gida huɗu. Hasumiya ta sulale ta bar kusurwa, ta tsaya a bakin buɗaɗɗen layin. Fada ta ɗauki guna-guni, domin a gari arba'in ɗin nan ba a taɓa ganin ɗan Adam ya janye kariya daga shugabansa ba. Kowa a bayan babba yake maƙalewa har a cinye shi a hankali. Karkatau ya ɗan karkata kai yana nazari, Tabawa kuwa ta san in ya matsar da dakare ɗaya ya buɗe wa kansa ƙofa, shi ke nan ta yi asarar mai gari a banza. Sai ta ɗaga murya yadda kowane aljani zai ji.

"Ga shi nan na bar maka, in ka isa. Ko kuwa sarkin da ya ci gari arba'in yana tsoron naman da tsohuwa ta ajiye masa?"

Aljanun kan katanga suka juyo suna duban sarkinsu. Idanun Karkatau suka kaɗa suka yi ja kamar rawaninsa. Shekara dubu ba wanda ya taɓa isa sahunsa na baya, har ya manta yana da baya. Ya nuna doki da yatsa. Doki ya yi haniniya ya tashi sama, ya dira a kan mai gari, Anaruwa ya yi ƙara ɗaya ya zama tsakuwa, ya gangara gefen allo.

Tabawa ba ta ko waiwaya ba. Ta ce gaba, har bango.

Hasumiya ta tafi kamar kibiya, gida bakwai a numfashi ɗaya, iska na kaɗa ɗankwalin Tabawa, ta tsaya cak a sahun ƙarshe, gida ɗaya tsakaninta da Karkatau. Ya zabura zai matsa hagu, ya ga layinta ne. Ya juya kusurwa, nan ma layinta ne. Ya nufi gaba, ya ci karo da bayan dakarunsa, su kuwa ba su san komawa baya ba balle su ba shi hanya. Ya ƙwala wa doki kira, doki na can ƙarshen duniya a inda ya ci mai gari, tsalle ɗaya ba zai kawo shi ba.

"Wa ya koya miki wannan?" in ji Karkatau, muryarsa ta koma ƙarama.

"Kai. Kai ka nuna mini yadda mutum ke zama in an rufe masa hanyoyi."

Rawanin ya warware da kansa ya zube, sai ga hanyoyi na fitowa daga cikinsa kamar macizai, ta kasuwa mai faɗi, ta rafi mai santsi, ta gonaki, har 'yar siririyar ta awaki, kowace ta sulale ta nufi inda aka ɗauko ta. Ginshiƙai suka fara zubewa, aljanu suka watse kamar fara. Hasumiya ta buɗe baki karo na ƙarshe ta ce tun da aka gina ta ba a taɓa tafiyar da ita haka ba, sai ta durƙusa ta sauke Tabawa a hankali. Guguwa ta taso ta rufe komai.

Da ƙura ta lafa Tabawa ta ga kanta a mararrabar bayan gari, rana ta ɗan karkata. Ga Cindo da Nomau da Wada zaune suna murza gaɓoɓinsu, ga mai gari yana laluben hularsa a cikin ciyawa. Daga cikin gari ana jin guɗa, mata sun ɓarke da gudu zuwa rafi da tuluna. Mazan suka ce ta zo a shiga gari tare a yi mata tarya. Ta ce su gaida gida, ta saɓa ƙunshinta ta kama hanyar Rafin Kuka tana ɗingishi, don yatsun nan biyu ba su koma nama ba, kuma ba su koma ba har ƙarshen ranta.

Ta isa ana kiran la'asar, ta tarar Lantana a durƙushe tun safe, ungozoma ta rasa yadda za ta yi. Da yarinyar ta ga uwarta a bakin ƙofa sai ta fashe da kuka, ta kama hannunta ta riƙe gam. Kafin rana ta faɗi aka ji kukan jaririya.

Ran suna, ana tsakiyar rabon waina, sai ga manzo daga Gamji-Biyu. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kame-kame, daga bisani ya ce mai gari ne ya aiko shi. Wai ta zo fada gobe ta yi bayanin dalilin da ya sa ta bar doki ya ci shi a gaban aljanu, ta kuma ba da haƙuri a gaban jama'a, sai a yafe mata. Mata suka zuba mata ido. Tabawa ta gyara wa jikarta kwanciya a cinya, ta sa aka zuba wa manzon waina har da ƙari, ta jira ya ci ya sha ruwa.

"Ka ce da mai gari ina gaisuwa," ta ce. "Ka ce masa wankan jego kwana arba'in ne, ba inda za ni. In maganar ta matse shi, hanya a buɗe take. Ya tako da ƙafarsa, ya san wadda ta buɗe ta."